WUƘAƘEN MAIGIDA: IN ZA A SAYAR, WA ZA A SAYAR WA?

A gidaje da dama na Nasarawa, da Kakuri, da Tirkaniya, akwai wani tsohon akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadon maigida wanda ba a barin yara su taɓa. In aka buɗe shi, a ƙarƙashin takardar baftisma da ta aure, sau da yawa akan tarar da wuƙaƙe a naɗe cikin tsumma. Waɗansu na yanka ne, waɗansu na ado, kowace da kubenta, kowace kuma da labarin garin da aka sayo ta. Iyayenmu maza da suka yi aikin reluwe, ko na soja, ko tuƙin babbar mota, ko aikin masaƙa, sun zaga ƙasar nan ƙwarai, kuma akwai waɗanda a cikinsu ba su iya wuce rumfar maƙeri ba tare da sun tsaya ba.

Yanzu kwanaki sun ja. Masaƙar Kaduna Textiles, wadda aka buɗe a Kakuri a 1957, ta tsaya da aiki a 2002, United Nigerian Textiles kuma ta rufe ƙofa a 2007. Gidajen da dā suke sayen kayan sha'awa, yau lissafin kuɗin makaranta da na magani suke yi. Saboda haka maganar nan takan taso a tsakar gida: “A fito da wuƙaƙen nan a sayar mana.” Mu da muke koyarwa a makarantar ikkilisiya mun sha jin ta daga bakin iyayen yara, musamman in lokacin biyan kuɗin jarrabawa ya matso.

Babu laifi ko kaɗan mutum ya sayar da abin da yake nasa domin ya ciyar da iyalinsa. Manzo Bulus ma ya tsawata wa mai bi wanda ya ƙi kula da mutanen gidansa (1 Timoti 5:8). Amma wuƙa ba kamar rediyo ko keke take ba. Wanda ya sayi rediyonka, iyakarsa ya dami maƙwabta da ƙara. Wanda ya sayi wuƙarka, abin da zai yi da ita yana iya kai wa ga rai. Don haka akwai tambaya biyu a gaban mai sayarwa: nawa za a ba ni, da kuma hannun wa za ta shiga. Ta biyun ita ce babba, ita ce kuma aka fi mantawa.

Aikin Hannun Maƙeri

Kafin mu yi maganar ciniki, ya kamata mu san darajar abin da yake hannunmu, gama wanda bai san kayansa ba shi ake cuta a kasuwa.

Ƙira tsohuwar sana'a ce a ƙasarmu. A garin Nok, cikin ƙasar Ham a kudancin Jihar Kaduna, masu haƙar kuza suka tono wani mutum-mutumin yumɓu a 1928. Daga baya Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya bi sawun waɗannan mutanen dā, har aka gano matoyar tama a Taruga, kusa da Abuja ta yanzu, wadda ta haura shekara 2,000. Watau tun kafin haihuwar Almasihu cikin jiki, ana narka tama a wannan ƙasa. A Kano kuma, labarin da aka gada ya ce maƙera ne daga Gaya suka zo gindin Dutsen Dala neman tama. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), har yau ana sayar da wuƙaƙe da takubba a cikinta. Ko a nan kusa da mu, sunan unguwar Maƙera ya isa ya tuna mana da masu wannan sana'a.

Littafi Mai Tsarki bai raina maƙeri ba. Tun a Farawa 4:22 aka ambaci Tubal-kayinu, mai ƙera kayan tagulla da na baƙin ƙarfe. A zamanin Sarki Saul kuwa, Filistiyawa suka hana Isra'ilawa samun maƙeri ko ɗaya, har ya zama in mutum yana so a wasa masa garma ko gatari sai ya gangara wurin abokan gābansa (1 Sama'ila 13:19-22). Al'ummar da ba ta da maƙeri a hannun waɗansu take.

A ƙasar Hausa akwai maƙeran baƙi, masu aikin baƙin ƙarfe, su ne masu fartanya da gatari da wuƙa. Akwai kuma maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla, su ne sukan yi wa ƙota ado. Dā da tama ake ƙira. Da jirgin ƙasa da motoci suka shigo a zamanin Turawa, sai tsofaffin ƙarafa suka wadata, aka bar wahalar narka tama. Yau maƙerin da yake son wuƙa mai kyau yakan nemi sifirin ɗin tsohuwar mota a wurin masu gwangwan, irin na kasuwar Panteka. Dalili kuwa shi ne ƙarfen sifirin yana da sinadarin kabon fiye da ƙarfen rodi, shi ya sa yake karɓar tauri, kaifinsa kuma ya daɗe.

Wanda ya taɓa zama a rumfar maƙeri ya san aikin ba wasa ba ne. Yaro yana kan zugazugai, gawayin ƙirya yana ci, gama shi ne gawayin da maƙera suka fi so saboda zafinsa. In ƙarfe ya yi ja wur, sai maƙeri ya ɗauko shi da awartaki, ya aza bisa uwar maƙera, ya yi ta bugu da masaba, ya mayar wuta, ya sāke fitarwa, har siffa ta fito. Sa'an nan a gyara baki da magagari. Wurin da gwani yake bambanta da ɗan koyo shi ne wurin ba ta tauri. Akan tsoma ruwan wuƙar cikin ruwa ko baƙin mai tana da zafi, kāna a ɗan sāke ɗumama ta a hankali. In taurin ya yi yawa za ta karye kamar kwalba, in ya kāsa za ta lanƙwashe kamar dalma. Bayan haka masassaƙi ko maƙerin da kansa ya sa ƙota ta itace ko ta ƙaho, baduku kuma ya ɗinka kube, wani lokaci da jar fatar akuyar Sakkwato. Ƙarfe ɗaya ba ya amo. Wuƙa guda tana iya ɗauke da gumin mutum uku ko huɗu.

A birnin Shafil na Ingila, wanda ya yi suna da ƙirar wuƙaƙe, wani mai suna Harry Brearley ya gano ƙarfen da ba ya tsatsa a 1913. Tun daga nan wuƙaƙen inji suka cika duniya, yanzu kuma na ƙasar Sin sun cika kasuwanninmu da araha. Duk da haka a Turai da Amurka akwai masu tara wuƙaƙen ƙirar hannu, suna biyan kuɗi mai tsoka a kansu, domin babu guda biyu da suke daidai da juna. Kada wani ya zo ya ce muku, “Ai wannan tsohon ƙarfe ne, a auna a kilo.”

A Raba Su Kashi Uku

Shawararmu ta fari ita ce a shimfiɗa tabarma, a fito da su duka, a raba su kashi uku.

Kashi na ɗaya su ne wuƙaƙen aiki: ta yankan nama, ta firar rogo da doya, barhon mahauci, askar wanzami, wuƙar baduku, lauje. Waɗannan su ne mafi sauƙin sayarwa, gama masu bukatarsu suna kewaye da mu, an kuma san abin da za su yi da su.

Kashi na biyu su ne na ado da na tarihi: takobin Buzaye irin na Agadas, wuƙa mai ƙotar tagulla irin ta Bida, ko wadda aka ce kakan kaka ne ya bar ta. A nan akwai doka da mutane da yawa ba su sani ba. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta ce aikin hannu na ƙasar nan da aka yi kafin 1918 kayan tarihi ne, haka kuma mai muhimmancin tarihi wanda aka yi amfani da shi a bikin gargajiya. Irin wannan ba a sayar da shi ga kowa sai wakilin da hukumar ta amince da shi, ba a kuma fita da shi ƙasar waje sai da takardar izini. In kuna zaton wata wuƙa ko takobi ya kai waɗannan shekaru, ku kai shi Gidan Tarihi na Kaduna da yake kan titin Ali Akilu, wanda aka buɗe a 1975, ku nemi ma'aikata su duba. Mai bi ba ya tsallake doka don ya ga kuɗi (Romawa 13:1-7).

Kashi na uku su ne waɗanda ba a yi su domin tukunya ko gona ba: wuƙar damtse, da duk mai baki biyu da dogon tsini. Ku ware su gefe ɗaya. Za mu komo kansu.

Ciniki Na Gaskiya

Ga yadda za ku gane ta ƙwarai. A duba ruwan wuƙar a hasken rana, ko akwai tsaga, musamman kusa da ƙota. A girgiza ta, in ƙota tana motsi an san akwai gyara. A ɗan goga magagari a bakin. In ya zame bai kama ba, taurin ya yi, in kuwa ya ci ƙarfen da sauƙi, ba ta sha wuta da kyau ba. Tsatsa ta sama ba lahani ba ce, ɗan mai da tsumma za su ɗauke ta. Amma kada a kai tsohuwar wuƙa wurin injin niƙa ƙarfe don ta yi ƙyalli, gama da haka ake goge sawun masaba da zanen maƙeri, su ne kuwa shaidar cewa aikin hannu ce.

Kada a yarda da tayin mutum na farko. A nuna wa maƙeri biyu ko uku, a tambaye su nawa za su ƙera sabuwa irinta yau. Wannan ne ma'auninku. In za a sa dillali, a yanke la'adarsa tun da fari a gaban shaida. A sayar ɗaya ɗaya, gama mai cewa “a haɗa mini duka” yakan biya kuɗin uku ya kwashe goma.

Karin Magana 20:14 ta zana mana mai saye wanda yake kushe kaya a gaban mai shi, in ya juya baya kuma sai ya shiga fahariyar ya yi riba. Wannan hali yana nan har yau, sai ku lura. Amma wannan littafi ɗin ya kuma ce ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji (11:1), wannan kuwa gargaɗi ne ga mu masu sayarwa. In ƙota ta taɓa karyewa aka gyara, a faɗa. In maigida a tasha ya sayo ta shekara 30 da suka wuce, kada a ce ta yi yaƙin sarakunan dā. Ƙarya tana iya ƙara 'yan nairori, amma yaron da yake tsaye a bakin ƙofa yana ji, gobe kuma shi za mu tsayar a aji muna koya masa Dokoki Goma.

Hannun Wa Za Ta Shiga?

Mu mazaunan Kaduna ba ma bukatar a gaya mana abin da ƙarfe mai kaifi yake yi in zukata suka ɓaci. Mun ga Fabrairu da Mayu na 2000. Mun ga Nuwamba na 2002. Bayan waɗannan kwanaki maƙwabtan shekara da shekaru suka rabu, waɗansu suka haye arewacin kogi, waɗansu suka gangaro kudu, har yau kuma garin bai koma yadda yake dā ba. Yawancin abin da aka yi ɓarna da shi a lokacin ba daga nesa aka kawo shi ba. Adda ce, da wuƙa, da gatari, kayan da suka fito daga gidaje irin namu. Ko a kwanakin lafiya ma, muna jin labarin 'yan sara-suka da masu ƙwacen waya a lungu.

Bari mu ba da labarin wata gwauruwa a ikkilisiyarmu, ba za mu faɗi sunanta ba. Mijinta ma'aikacin masaƙa ne, ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu da akwatin wuƙaƙe. 'Yarta ta fari tana ajin ƙarshe a sakandare, kuɗin jarrabawa kuma ya gagara. Da labari ya bazu cewa za ta sayar, sai ga wani saurayi da ba ta sani ba ya yi sallama da magariba. Bai ko dubi na yankan nama ba. Masu baki biyu ya tsince, guda biyar, ya taya su da kuɗin da ya isa jarrabawar har da saura.

Ta ce masa, “Ɗana, wace sana'a kake yi?”

Ya yi dariya ya ce, “Mama, ke dai karɓi kuɗinki. Zamanin nan sai da shiri.”

Ta ce, “Albarka.” Ya ƙara kuɗi, ta sāke cewa albarka, ta naɗe kayanta.

Daga baya matan zumunta suka sayi na girki. Barho biyu ta sayar wa wani mahauci Musulmi wanda mijinta ya yi shekaru yana sayen nama a wurinsa, shi kuwa ya biya ba tare da ja-in-ja ba, ya ce ya san hannun maƙerin da ya yi su. Biyar ɗin nan kuwa, ta ba wani dattijon ikkilisiya ya kai wa maƙeri, aka mayar da su wuta, suka fito lauje biyu da 'yan wuƙaƙen fira.

Ba za mu ɓoye muku ba, kuɗin da ta samu bai kai na saurayin nan ba. Sai da ta sayar da turmin zanenta guda, zumuntar mata kuma ta yi mata karo-karo, kafin a cika kuɗin, ana saura kwana kaɗan a rufe rajista. Ta yi asara a lissafin kasuwa. Amma duk ran da aka ce an soki wani a unguwa, ba ta kwana tana tambayar kanta ko da wuƙar mijinta ce.

Wani zai ce, “Ai wuƙa tana ko'ina a kasuwa. In ban sayar masa ba, wani zai sayar.” Gaskiya ne. Amma Ubangiji ba zai tambaye mu abin da ya fita daga rumfar wani ba, abin da ya fita daga hannunmu zai tambaya. Kayinu ne ya fara nuna cewa tsaron ɗan'uwansa ba ruwansa (Farawa 4:9), ba kuwa shi ne za mu yi koyi da shi ba.

Wani kuma zai ce, “To, mu sayar wa samarinmu na ikkilisiya, su ajiye saboda tsaro.” Mun fahimci tsoron da yake bayan wannan magana, gama mu ma a nan muke kwana. Amma mu tuna da daren da aka kama Ubangijinmu Yesu. Bitrus ya zaro takobi ya sare kunnen Malkus, bawan babban firist, da nufin kāre Maigidansa. Yesu ya umarce shi ya mayar da takobin kube, ya kuma warkar da kunnen (Yahaya 18:10-11, Luka 22:51). Mu tuna kuma da Fasto James Wuye na nan Kaduna, wanda a ƙuruciyarsa ya jagoranci samari a faɗan addini, ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992. Imam Muhammad Ashafa, wanda yake ɗaya gefen, ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 mutanen nan biyu suka haɗu, daga baya suka kafa cibiyar sulhu tsakanin addinai, suka yi shekaru suna yawo tare suna roƙon samari su ajiye makami. Wanda ya ɗanɗana da jikinsa ya fi mu sanin inda wannan hanya take ƙarewa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Saboda haka ga abin da muke roƙon kowane gida. A sayar wa wanda aka san sunansa, da sana'arsa, da inda yake zaune. Kada a sayar wa yaro, ko mashayi, ko wanda aka san yana da husuma da wani. Kada a baza hotunan wuƙaƙe a Facebook ko WhatsApp, gama ba ku san idon da zai gani ba, kun kuma sanar da ɓarayi abin da yake ɗakinku. A yi ciniki da rana, da shaida. Kada a aiki yaro da su, babba ne zai kai, a naɗe, a cikin jaka. Masu baki biyu kuwa, in ba na tarihi ba ne, a mayar da su wurin maƙeri. Annabi Ishaya ya hango ranar da al'ummai za su mai da makaman yaƙinsu kayan noma (2:4). Cikar wannan tana hannun Allah, amma babu abin da ya hana gida ɗaya a Nasarawa ya fara tun yau, da kuɗin gawayi kaɗan.

A Yi Shawara A Gida

Abu na ƙarshe ya shafi zaman iyali. In maigida yana da rai, kayansa ne, kada mata da 'ya'ya su sayar a ɓoye don sun ga ya tsufa. A zauna da shi, a roƙe shi ya faɗi labarin kowace, wani yaro kuma ya rubuta. Kai kuma maigida, in ka ga ɗanka zai zauna a gida saboda rashin kuɗin makaranta alhali akwati yana cike, ka tuna Ubangiji ya ce ran mutum ba a yawan kayansa yake ba (Luka 12:15). Tsatsa tana cin abin da aka ɓoye, amma ilimin da ka sa a kan yaro zai bi shi har tsufansa.

In kuwa maigida ya riga mu gidan gaskiya, kada 'yan'uwansa su zo su kwashe akwati su bar gwauruwa da marayu hannu wofi. A kira dattijo ɗaya ko biyu na ikkilisiya, a ƙidaya kayan a gaban kowa, a rubuta abin da aka sayar da abin da aka yi da kuɗin. In da hali, a bar wuƙar aiki guda a gida, wadda uwa za ta riƙa yanka albasa da ita, domin jikoki su san kakansu mutum ne mai son aiki mai kyau.

Kafin a buɗe akwatin, a tara iyali a yi addu'a. A gode wa Allah saboda maƙeran da ya ba hikima, a roƙe shi ya kawo mai saye na kirki, ya kuma ba mu ƙarfin zuciyar cewa “albarka” ga kuɗin da bai dace ba, ko da bukata tana ƙwanƙwasa ƙofa. Ubangiji ya kiyaye gidajenmu, ya ba garinmu Kaduna salama. Amin.